Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Kira Ga Masu Ɗaukar Hoto Na Agye, Gazawa Da Gidan Runji

Duk mai halartar bukukuwa a garuruwan da ke bisa babbar hanyar kwalta, tun daga Gidan Runji har zuwa Gazawa, ya san cewa wata sana'a ta kafu a hannun samari. Da wuya a ɗaura aure ko a raɗa suna a Tibiri, ko Cadawa, ko Agye, ba a ga wani yaro rataye da kamara yana kai da kawo ba. Wannan abin murna ne, domin kuwa sana'a ce ta halal, tana ciyar da mai ita, tana kuma ajiye wa gobe fuskokin yau. Sai dai kash, wata cuta ta shigo tare da ita, wato auna mai hoto da tsawon gilashin da ke gaban kamararsa. Wanda ya zo da dogo kamar bututu shi ne gwani, wanda ya zo da ɗan gajere kuwa a ce bai gama haɗa kaya ba. Saboda wannan yaudara saurayi yakan tara kuɗin ayarsa na shekara guda, ya aika Kano ko Yamai, a sayo masa abin da zai nisanta shi da jama'arsa, ya kuma makantar da shi da zarar rana ta faɗi.

Idon kamara iri biyu ne. Akwai mai zuƙowa, wanda ake kira zum, ana murɗa shi ya jawo abu na nesa ko ya tura shi. Akwai kuma tsayayye, mai tsawo ɗaya tak, wanda Faransawa ke ce wa focale fixe. Shi ba ya zuƙo komi, mai shi ne zai taka da ƙafarsa. A cikin kowane ido akwai ƙofar da haske ke bi, ana auna ta da lamba mai harafin f, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon faɗin ƙofar. Idon da ƙofarsa ta kai f/1.8 ko f/1.4 shi ake kira mai sauri, saboda yana shan haske da yawa a ƙiftawa ɗaya. Irin wannan ido, tsayayye mai faɗin ƙofa, shi ya kamata mai hoton wannan yanki ya fara saye, kafin komi, ya kuma daɗe da shi shi kaɗai.

Hasken da ake rayuwa a cikinsa

Baƙo yakan ɗauka cewa ƙasar da rana ta yi wa yawa ba ta da matsalar haske. Wannan kuskure ne na wanda bai zauna da mutane ba. Da tsakar rana a watan Afrilu babu abin da ke faruwa a fili, kowa ya fake a inuwa. Rayuwar da ta cancanci a ɗauka tana gudana ne a wasu lokuta. Ana raɗin suna da sanyin safiya. Dattawa suna yanke magana a cikin zaure, inda haske ke shigowa ta ƙofa ɗaya. Almajirai suna karatun dare a gefen wutar kara, ƴan mata suna waƙa a dandali bayan isha'i, ana kai amarya da dare, yara suna tashe cikin azumi, mai shayi da mai tsire suna ciniki a ƙarƙashin ƴar fitilar sola. A yawancin ƙauyukan waɗannan gundumomi babu wutar lantarki, saboda haka abin da idon kamara ya samu shi ke nan.

A nan lissafi ya isa shaida. Zum ɗin da ake haɗawa da kamara a kwali, irin mai lamba 18 zuwa 55 ko 16 zuwa 50, idan aka zuƙo shi har ƙarshe ƙofarsa takan tsuke ta koma f/5.6. Ido tsayayye mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. Ma'ana, a zauren da zum zai buƙaci kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa, har hannun mai gaisuwa ya zama hayaƙi a cikin hoto, tsayayyen ido zai gama aikinsa a kashi ɗaya cikin 150. Dogayen zum masu araha, waɗanda ke ƙarewa a f/6.3, sun fi haka muni. Mai irin wannan kaya zaɓi biyu ya rage masa da dare: ko ya ɗaga lambar ISO har hoton ya cika da tsakuwa, ko ya kunna filasha. Filashar da ke kan kamara kuwa kowa ya san aikinta. Tana wanke fuskar baƙin mutum ta mai da ita toka-toka mai maiƙo, tana ƙona farar shadda, tana mai da bayan hoton baƙi ƙirin, sannan tana sanar da kowa cewa ga mai hoto nan, sai mai dariya ya kame, mai kuka ta rufe fuska. Jan hasken wutar makarantar allo a kan goshin yaro, wanda shi ne ainihin abin gani, filasha tana kashe shi nan take.

Abin da siririn ido ya bari a waje

Kalmar objectif a Faransanci tana da ma'ana fiye da ɗaya: idon kamara ne, kuma ita ce sifar wanda ba ya son kai wajen hukunci. Wannan haɗuwa ta ruɗi mutane da yawa, domin babu idon kamarar da ba ya zaɓe. Ido mai milimita 35 a kan babbar kamara yana ganin faɗin da ya kai digiri 63 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 50 yana ganin kamar 47, mai 200 kuwa 12 kacal. Duk abin da bai shiga cikin waɗannan digiri ba, ga wanda zai kalli hoton a wata ƙasa, kamar babu shi ne a duniya.

Jihar Maradi ta ɗanɗana ma'anar wannan a shekarar 2005. Bayan fari da farin ɗango na 2004, yunwa ta kama yara, ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin jinya a Maradi da Agye da wasu garuruwa, kuma a watan Yuli rahoton Hilary Andersson ta BBC daga Maradi ya jawo hankalin duniya. Shugaba Mamadu Tanja ya musanta cewa ana yunwa, aka yi ta gardama. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan hotuna ƙarya ne, ko ya manta cewa sun jawo taimakon da ya ceci rayuka. Abin dubawa shi ne irin hoton da ya zauna a kan mutane: fuskar yaro ta cika fili, ga ƙuda, ga hannun uwa da ba a san sunanta ba, babu gida, babu gari. A daidai wannan lokaci akwai hatsi a kasuwannin jihar, farashin tiya ne ya fi ƙarfin talaka, wanda ya sayar da nasa da araha lokacin kaka don biyan bashi. Wannan shi ne babban dalilin masifar, amma matsattsen hoto ba shi da wurin da zai sa shi. Ya nuna wahala, ya ɓoye sanadinta.

Akwai wani abin da ya faɗi a waje kuma. A wannan ƙasa ce, tun daga 1983, manoma suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi, aikin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya taimaka wajen yaɗawa daga Maradi. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kan haka har manazarta suna zuwa daga ƙasashe don gani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar, kimanin itace miliyan 200. Da wuya a sami aikin da talakawan Sahel suka yi da hannunsu wanda ya kai wannan, amma sai da hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna shi kafin duniya ta gaskata. Tsakanin fuskar yaro da aka matso ƙwarai da hoton da aka ɗauko daga sama akwai wani babban giɓi, wato mutum tsaye a gonarsa, ga gawo a bayansa, ga rumbu a gefe. Ido mai matsakaicin faɗi ne ke ɗaukar wannan, kuma ɗan gari ne ya fi cancanta ya ɗauke shi. To idan ɗan garin ya sayi dogon bututu ya koma yana leƙen ƴan'uwansa daga nesa, wa zai cike giɓin?

Sallama kafin hoto

Dogon ido an yi shi ne domin abin da ba a iya kusanta: tsuntsu, zaki, ɗan ƙwallo a tsakiyar fili. Idan aka juya shi kan mutane ya zama kayan sata. Mai shi yana iya tsayawa a bakin kasuwar Gazawa ya ɗauki matar da ke auna gyaɗa ba tare da ta sani ba, gobe ta ga kanta a Facebook, ko mijinta ya gani. Wanda yake riƙe da ido mai milimita 35 ba shi da wannan hanya. Dole ya matso taku uku ko huɗu, dole ya yi sallama, ya tambayi gajiya da iyali, ya faɗi ko shi ɗan wane ne, ya ji an ce to ko an ce a'a. Gilashin da kansa ba ya koya wa kowa ladabi, marar kunya yana iya cusa gajeren ido a fuskar mutane. Amma aƙalla yana yin haka ne a gaban idonsu, inda za a iya tsawata masa.

Wannan magana ta ƙara nauyi tun 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka sauke su a ƙauyukan gundumar Gidan Runji, har aka tsugunar da wasu a Cadakori. Wanda ya baro gidansa da dare, ya rasa dabbobinsa, abin da ya rage masa shi ne fuskarsa da mutuncinsa. Ɗaukar hotonsa daga nesa ba da izini ba wani ƙwace ne a kan ƙwace, kuma yana iya jawo masa haɗari idan hoton ya koma inda ya fito. Ƙungiyoyin agaji suna hayar samarin yankin su ɗauko masu hotuna, wannan kuwa hanyar samu ce mai kyau. Sai dai ya kamata saurayin ya tuna cewa mutumin da ke gabansa Bahaushe ne ɗan'uwansa, mai yiwuwa ma dangi ne ta wajen kaka.

Manyan masu hoton Afirka ta Yamma da kusanci suka yi suna. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin aikinsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana, fuska da fuska. Malick Sidibé yana shiga cikin masu rawa ne har su manta da shi, kuma a 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a Banis ta ƙasar Italiya. A nan Nijar Philippe Koudjina ya ajiye wa Yamai hotunan dararenta na shekarun 1960 da 1970 domin mutanen sun san shi. Gaskiya ne cewa Sidibé ya yi aiki da filasha a wuraren rawa, fim ɗin wancan zamani ne ya tilasta masa. Wanda ya sami kamarar yau ba shi da wannan uzuri.

Ƙura da aljihu

Kamara marar madubi ta fito ne a 2008 da Lumix G1 ta kamfanin Panasonic, Sony ya fito da A7 mai babban allo a 2013, Canon da Nikon suka bi sahu da nasu manya a 2018. Ba ta da nauyi, tana nuna wa mai ita yadda hoton zai fito tun kafin ya danna. Amma tana da rauni guda wanda masu tallarta a Turai ba su cika damuwa da shi ba: da zarar an cire ido, a yawancinsu allon da ke karɓar haske tsirara yake. Wanda ya taɓa tsayawa a Cadawa lokacin hunturu, ko kusa da matan da ke tankaɗe aya daga ƙasa, ya san abin da ke yawo a cikin iska. Kowane sauyin ido a irin wannan wuri gayyatar ƙura ce, ita kuwa za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto, wanda zai wanke allon da kyau kuma ba a Agye yake ba. Zum mai fita da komawa shi ma yana zuƙar iska kamar zugazugin maƙeri. Ido ɗaya tsayayye, a ɗaura shi a daina cirewa, shi ne maganin da ya fi araha.

Wajen zaɓe, abu na farko shi ne sanin girman allon kamara, domin lambar da ke jikin ido ba ita kaɗai ke magana ba. A kan kamarori masu matsakaicin allo na Sony da Fujifilm da Nikon ana ninka lambar sau ɗaya da rabi: milimita 23 yana gani kamar 35, milimita 35 kuma kamar 50. A kan ƙananan Lumix da Olympus ninki biyu ne, saboda haka 25 shi ne 50. Samari da yawa sukan ji an ce 50 ne sarkin idanu, su saye shi su ɗaura a matsakaiciyar kamara, sai ya koma kamar 75, su shiga ɗakin amarya su tarar ko da sun jingina da bango ba su iya haɗa ta da jerenta. Wanda aikinsa cikin ɗakuna da zauruka ne, abin da ke gani kamar 35 ya fi masa. Wanda ya fi ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, abin da ke gani kamar 50.

Abu na biyu shi ne bakin kamara, domin sau da yawa idon wani kamfani ba ya shiga na wani, har ma a kamfani ɗaya akan sami baki biyu. Canon ya daina yin jerin EOS M a 2023, idanunsa kuma ba su hawa sababbin kamarori masu bakin RF. Wanda aka yi wa tayin irin wannan da araha ya san abin da yake saye. Abu na uku, kada a ruɗu da f/1.2 ko f/1.4 masu tsada da nauyi. Bambancin f/1.4 da f/1.8 bai kai ninki biyu na haske ba, bambancin kuɗin kuwa yakan isa sayen batura biyu da katin ajiya da ƙaramin faifan sola na caji, waɗanda mai aiki a ƙauye ya fi buƙata. Kamfanoni irin su Sigma da Viltrox suna yin idanu masu kyau a farashi mai sauƙi. Bugu da ƙari, kamara marar madubi tana karɓar tsofaffin idanun zamanin fim ta hanyar ɗan zoben haɗi, irin su Helios na Tarayyar Sobiyet mai milimita 58 da f/2, in dai mutum zai koyi saita kaifi da hannu.

Masu narkar da gari

Laifin bai tsaya kan masu dogon bututu kaɗai ba. Cikin waɗanda suka sayi tsayayyen ido akwai waɗanda suka mai da shi abin wasa guda: buɗe ƙofa har ƙarshe a kowane hoto, don bayan mutum ya narke ya zama kamar kunu. Ana ganin haka ya yi kama da hotunan Dubai. To amma me aka narkar? An narkar da katangar da aka yi wa zane, da rumbu, da gawon da uban yaron ya raina shekara ashirin, da ƙofar fadar Sarkin Gobir. Amaryar Tibiri ta fito kamar an ɗauke ta a ko'ina, wato babu inda aka ɗauke ta. Wannan shi ne laifin 2005 ya dawo cikin sabuwar riga: a da an yanke garin don a nuna wahala, yanzu ana shafe shi don a ɓoye talauci, kamar dai garin abin kunya ne. Bayan shekara arba'in jikokinta za su so ganin gidan da aka haifi uwarsu fiye da santsin bayan hoto.

Ko ta fuskar aiki ma wannan ɗabi'a tana jawo hasara. Ido mai milimita 50 a babbar kamara, a f/1.8, daga nisan mita biyu, abin da zai fito da kaifi bai wuce santimita 17 ba, bai kai taƙi ɗaya ba. A jera ango da abokansa sahu biyu, na gaba su fito, na baya su dushe, mai biya kuwa ya ƙi biya. A f/5.6 wannan fili ya haura rabin mita. Da tsakar rana kuma, f/1.4 yana buƙatar ƙiftawar da ta fi kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa sauri, alhali marfin kamarori da yawa yana tsayawa a 4,000, sai farar riga ta ƙone. Faɗin ƙofa guzuri ne na lokacin duhu. Da rana a tsuke ta zuwa f/5.6 ko f/8, a kai mutum inuwar bedi, a bar garinsa ya fito tare da shi.

Hujjojin masu musu

Za a ce ai akwai hawan salla, akwai kokawa, inda ba a barin kowa ya shiga fili. Gaskiya ne, ranar da ake neman takobi a filin kokawa dogon ido yana da aiki, kuma wanda sana'arsa ta kai can ya saya ko ya ara. Amma kwana nawa ne wannan a shekara, idan aka gwada da sunaye da aure da walimar saukar karatu? Ba a sayen raƙumi saboda tafiyar shekara sau ɗaya alhali babu jakin zuwa gona.

Za a ce kuma a biki abubuwa suna sauri, zum ya fi sauƙi. Sauƙin nan shi ne abin tsoro ga mai koyo. Wanda ya yi wata shida da ido ɗaya yakan san faɗin hotonsa tun kafin ya ɗaga kamara, ya san inda zai tsaya kafin liman ya ɗaga hannu. Mai zum yana tsaye wuri ɗaya yana murɗe-murɗe har a shafa fatiha. Henri Cartier-Bresson na Faransa ya yi mafi yawan aikin rayuwarsa da ido mai milimita 50, bai kuwa rasa abin da ya wuce da sauri ba.

Na uku za su ce wayar hannu ta kashe wannan gardama gaba ɗaya. Abin dariya shi ne babban idon wayar shi kansa tsayayye ne mai faɗin ƙofa, shi ya sa hotunan da mata ke ɗauka a cikin gida sukan fi na mai bututu rai. Inda waya ta gaza shi ne ƙanƙantar allonta: da dare tana cike abin da ba ta gani ba da lissafi, ta goge fuska ta koma kamar roba. Mai kamara yana karɓar kuɗin mutane ne don ya ba su abin da waya ba ta iya bayarwa, wato daren garinsu yadda yake, a hoton da za a iya wankewa babba a rataye.

Saboda haka kira yana kan mutum uku. Mai biki ya daina tambayar tsawon gilashi, ya ce a nuna masa hotunan dare da aka ɗauka a baya. Gidajen matasa da ƙungiyoyin da ke raba kayan sana'a su daina cika kwali da zum don ya yi kyan gani ranar rabo. Shi kuma saurayin da ke riƙe da kuɗin ayarsa ya sayi ido ɗaya gajere, ya rubuta sunan kowa da garinsa da ranar da ya ɗauke shi, domin yawancin mutanen da ke cikin hotunan Keïta an rasa sunayensu. An daɗe ana hangen wannan yanki daga nesa, baƙi sun yi, tauraron ɗan'adam ya yi. Ɗan gari shi ne wanda aka san ubansa, shi ake yi wa iso har tsakar gida, kuma babu kantin da ake sayar da wannan a Kano ko a Dubai. Ya yi sallama ya shiga.